Goggon Bene da Ƙofar Hawa na Huɗu

Shekara goma sha tara Goggo tana goge matattakalar wani bene mai hawa bakwai, har ma'aikatan ofisoshin suka sa mata Goggon Bene. Daga sama take farawa, tana saukowa da bokitinta tana waƙa. Da sabon manaja ya zo, ya ce in ya sake jin muryarta ta nemi wani aikin. Wata biyu ta yi tana guga baki rufe, har 'yarta ta tambaye ta ko haƙori ke ciwo.

Ana nan sai wata malamar waƙa ta sami izinin yin wasa a cikin matattakalar, saboda amon wurin. Ta zo da mawaƙa daga ƙasashe uku: wani dattijo mai waƙa daga can cikin maƙogwaro kamar injin niƙa, wata mata mai karya murya tana cilla ta sama, da 'yan'uwa biyu, yaya ta bayar ƙanwa ta amsa. Ranar gwaji suka taru a ƙasa suka fara. Muryoyin suka cakuɗe. Aka sake sau biyar, malamar ta fara zancen fasawa.

Goggo na gefe tana matse tsumma, manaja kuma na tsaye a bayanta.

"'Yar nan, ba haka ake yi wa benen nan ba," in ji Goggo.

Ta ce in ƙofar hawa na huɗu na rufe, murya sau uku take dawowa, shi ya sa take tokare ta da bokiti. Ta ce dattijo ya tsaya ƙasa, mai cilla murya ta hau can ƙarshe, 'yan'uwan su raba hawa na biyu da na biyar. Malamar ta roƙe ta ta nuna musu.

Goggo ta kalli manaja, ta ɗauki bokitinta ta hau. Ta tokare ƙofar, ta saki murya. Dattijon ya shigo ta ƙarƙashinta, matar da ke sama ta ɗora, 'yan'uwan suka amsa. Kowa da harshensa, amma babu wanda ya taka wani.

Malamar ta ce ba wasa sai da Goggo. Manaja ya yi gyaran murya, ya ce dama dokar ta lokacin aiki ce.

"Ranka ya daɗe, ai ni a lokacin aiki nake gwajina," in ji Goggo.

Ya ce to, ta riƙa yi ƙasa-ƙasa. Ta ce ita za ta ƙoƙarta, benen ne ba ya jin magana.