Ruwan da na haƙa wa Baba

Shekarar da Baba ya daina fita shagonsa na yadi da ke wajen Bata a Kano, ƙafafunsa ne suka gaza, amma har bakinsa ya mutu. Mutumin da ya saba ciniki da yare uku sai ya koma wuni a kan tabarma, in ka yi masa magana ya ɗaga kai kawai. Ni ce babbar 'yarsa mace, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, muna zaune tare a gidanmu na Kwaciri.

Na san a bakin ruwa ya tashi, can ƙasar Borno, kafin fatauci ya kawo shi Kano. Akwai wani fili a bayan ɗakinsa inda muke jibge tsofaffin kwanukan rufi. Na sa aka kwashe su, na kira magini ya haƙa rami iya gwiwa, ya shafe shi da siminti.

Yayana ya zo ya tsaya a kan ramin ya ce, "Gidan sauro za ki gina mana?"

Na ce, "Yaya, kifi zan zuba. Su za su cinye 'ya'yan sauron."

"In Baba ya kwanta zazzaɓi fa?"

"To a ranar, da kaina zan cike shi da ƙasa."

Na samo ƙananan karfasa wurin wani mai kiwon kifi, wata abokiyar aikina kuma ta kawo mini saiwar bado daga ƙauyensu. Sauran baƙin ba ni na gayyato su ba. Kurciyoyi ne suka fara sauka shan ruwa da hantsi. Sai mazari, ƙwaron nan mai siririn jiki da fukafukai kamar gilashi, yana tsayawa cak a iska. Ƙadangaru suka mai da bakin simintin wurin shan rana. Da damina ta sauka, kwaɗi suka zo, ban san ta inda suka bi ba a unguwar da ko'ina bulo ne da kwata.

Kullum bayan la'asar nakan kai kujerar Baba gefen ruwan. Da farko kallo kawai yake yi. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da balbela tsaye a ciki, ta caki kifi ɗaya tana ƙoƙarin haɗiyewa. Na cire takalmi zan jefe ta.

"Ƙyale ta," in ji Baba. Muryarsa ta fito sarai, yadda na daɗe ban ji ta ba. "Ba za ta ƙarar da su ba. Ki sa tsohuwar tukunya a ƙasan ruwan, ki kifa ta a karkace, su sami wurin ɓuya."

Na mai da takalmina, na shiga madafa na ɗauko tukunyar ƙasa mai fasasshen baki. Yana daga kujera yana nuna mini da sanda inda zan ajiye ta. Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda suke kama kifi da hannu suna yara, da sunan kowane tsuntsu da Barbarci, har aka kira magariba bai gama ba.

Tun daga ranar shi ke da ruwan, ni 'yar aike ce. Shi ke cewa a rage bado in ya rufe fuskar ruwa, shi ya hana a share ƙwan kwaɗin da ke manne a gefe. Da suka ƙyanƙyashe suka yi ƙafafu, ƙananan kwaɗi suka cika tsakar gida, sai da muka koyi zazzage takalmi kafin mu sa.

Bana ya ce ruwan ya yi wa kifin kaɗan, a ƙara faɗinsa ta wajen bishiyar gwaiba. Na riga na yi wa maginin magana, zai zo da zarar an yi hutun makaranta.