Ranar da Hajja Kaka ta rushe gidan ƙudanta

Surukata Hajja Kaka ba ta da kaza, ba ta da akuya, amma tana da ƙudan da take ji da shi. Wani ɗan ƙudan zuma ne baƙi mai jan gashi a ƙugu, cikinsa kullum ɗamfare da garin fure. Zuma kam ba ya yi, taro ma ba ya so. Shi kaɗai yake neman rami, a karan danga ko a tsagar azara, ya tara abinci, ya yi ƙwai, ya liƙe ƙofar da laka. Hajja ta ce tun tana yarinya a Borno ta san shi. Ta tarar da shi a garin Babura inda ta yi aure, ta gan shi har cikin Nijar, ga shi kuma a ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa. Wai duk inda akwai laka da furen wake, yana nan.

Ni dai haushi yake ba ni. Ya toshe min bakin buta, ya toshe ramin kwaɗon ɗakina. In na ɗauki tsinke sai ta ce, "Zulaiha, ƙyale ta. Uwa ce ta rufe 'ya'yanta."

Bara da kaka, da hantsi, aka shigo da mijina Kyari a kafaɗa daga gonar gyaɗa. Kububuwa ta sare shi a idon sawu. Cikin 'ya'ya shida da Hajja ta haifa, shi kaɗai ya rage mata. Ranar kasuwa ce, babura duk sun fita sai na maƙwabcinmu Sama'ilu, wanda ya yi wata guda jingine a zaure saboda mai shi ya sha jinya.

Sama'ilu ya buga, babur ya tashi ya mutu. Ya sake, haka. Ya jijjiga tanki, akwai mai. Ya kwance fulogi ya goge, a banza. Ƙafar Kyari tana ta kumbura, dasashinsa ya fara zubar da jini. Tsoro ya kama ni.

Na waiga, sai na ga Hajja ko kallon ɗanta ba ta yi. Wallahi raina ya ɓaci. Ashe ƙudan nan take bi da ido, yana ta kewaya ƙarƙashin injin da ɗan curin laka a bakinsa.

"Ɗana Sama'ilu, matsa," ta ce.

Ta durƙusa ta kamo wani siririn tiyo da ke lilo a jikin injin. Bakinsa a shafe yake da busasshiyar laka.

"Zulaiha, miƙo tsinke."

Ta karɓa ta soka. Laka ta zubo, sai garin fure, sai 'yan fararen tsutsotsi uku a tafin hannunta. Ta sa baki ta hure tiyon.

"Buga."

Babur ya ɗauka, bai mutu ba. Aka sa Kyari a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya, suka nufi asibiti a Kazaure. Bayan kwana biyar Allah ya dawo mana da shi.

Amma ranar, da na dawo daga raka su bakin hanya, na tarar da Hajja durƙushe a zaure, tafin hannunta a buɗe, tsutsotsin nan a ciki. Ƙudan yana ta zagaya wurin da babur ya bari.

"Na san abin da take nema," ta ce min. "Sau biyar ni ma na nema haka."