Malam Irmiya Nomau da Irin Geron da Ya Hana Kansa

Ranar da na saɓa sungumi zan tafi binne, Malam Irmiya Nomau ya tsayar da babur ɗinsa a ƙofar gidana, ko kashe shi bai yi ba. Bayan na durƙusa mun gaisa, sai ya dubi buhun da ke kan 'yata Rifkatu, ya ce, "Baban Rifkatu, kada ka zuba irinka duka a busasshiyar ƙasa bana. Ruwan farko zai yaudari mutane. Ka raba shi biyu, ka ajiye rabi."

Na ce, "To, Baba." Yana juya baya na tafi na shuke shi tas.

Kafin in faɗi abin da ya biyo baya, bari in gabatar da mutumin ga wanda bai san shi ba. Malam Irmiya malamin gona ne. Shekara talatin da biyar ya yi yana zagaya ƙauyukan Safana har zuwa gefen Batsari, kuma bana ya ajiye aiki. A 'yar majami'armu da ke wani ƙauye wajen Tsaskiya, shi ba fasto ba ne, ba kuma dattijon ikilisiya ba. Bencin baya yake zama, kusa da taga, domin ya riƙa leƙen sama.

Safiyarsa iri ɗaya ce tun ina saurayi. Idan ya gama addu'a da karatun Maganar Allah, sai ya buɗe wani ɗan ɗaki a bayan gidansa, inda zangarkun gero da dawa suke rataye, ga tuluna a jere an toshe bakinsu da laka. A cikin tulunan akwai iri, an cakuɗa shi da toka da busasshen ganyen bedi, wato dogonyaro, saboda ƙwari. Duk kaka yakan bi gonaki, ya roƙi kowane manomi zangarniya biyu ko uku mafi kyau. Wasu su ba shi, wasu su yi masa dariya. Idan bazara ta kama, sai ya ɗebi ƙwaya daga kowane tulu, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan kwana uku ya warware ya ga nawa suka tsiro. Irin da bai tsiro a tsumma ba, ba ya ba kowa shi. Saboda haka ne abokinsa Malam Tayyib, limamin masallacin unguwarmu, ya laƙaba masa suna Malamin Tsumma.

Su biyun ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Na sha jin Malam Tayyib yana ce masa, "Irmiya, wannan hali naka, wallahi kalmar shahada kawai ta rage maka."

Shi kuma ya ce, "Tayyib, shekara talatin kana faɗin haka. Ni ma bencinka na nan a majami'a, kowace Lahadi sai na goge shi."

Sai su tafa, su ci gaba da gardama kan takin zamani.

Mutanen Tsaskiya ba su manta shekarar da shanun wani makiyayi mai suna Jinjiri suka shiga gonar gwajin Malam Irmiya suka cinye rabinta ba. Samari sun taru da sanduna. Malam Irmiya ya zo ya tsaya tsakaninsu da shanun, ya ce kowa ya koma gida. Abin da ya nema wurin Jinjiri shi ne, idan rani ya yi, ya zo ya zaunar da garkensa a gonar wata guda domin ta samu taki. Jinjiri ya zo a shekarar, ya zo a ta gaba, har yau bai fasa ba.

To, bana abin da ya faɗa mini shi ya faru. Farkon watan Yuni aka yi wani ruwa da bai wuce jiƙa ƙasa ba. Binne ya tsiro, gonaki suka yi kore shar, muka yi ta murna. Daga nan sama ta ɗauke har kwana ashirin da uku. Kullum da hantsi nakan je in tsaya bakin gona ina kallon geron yana murɗewa, har ya zama kamar ciyawar da aka ƙone. Ni kuwa baki bakwai nake ciyarwa, kuma gonarmu ta nesa, wadda ke bakin daji, shekara uku ke nan ba mai iya zuwa saboda rashin tsaro. Wannan ta kusa ita ce tuwonmu. Ba ni kaɗai ba ne, gida sama da arba'in abin ya shafa.

Da ruwa ya dawo cikin watan Yuli, lokaci ya riga ya ƙure. Geron da ake sayarwa a kasuwar Safana na ci ne, gauraye yake, kuma yawancinsa mai daɗewa ne a gona, ruwa zai ɗauke bai nuna ba. Abin da zai fitar da mu shi ne gero mai saurin nuna. Kowa kuma ya san ɗakin da yake.

Nan ne zan faɗi abin da nake jin kunyarsa, domin in na ɓoye shi ba za a gane girman mutumin ba. Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, na ja Malam Irmiya gefe, ƙarƙashin bedin da ke bayan majami'a. Na ce, "Baba, na ji gobe za ka raba iri. Mu a garin nan gida tara ne kacal. Ka fara sallamar 'yan'uwa yau, ko tiya uku-uku, in ya so gobe sai a raba abin da ya rage. Ba wanda zai sani."

Ya dubi fuskata. Sa'an nan ya ce, "Yaron kirki, ka ci abinci kuwa yau?"

Na ce na ci.

Ya ce, "Ba ka ci ba, ga idonka nan. Zauna." Muka zauna a kan saiwar bishiyar. Ya ce, "Zangarkun nan da ke ɗakina, ka san daga gonar wa da wa suka fito? Akwai ta Tayyib, akwai ta marigayi mijin Muhsina, akwai taka. Na haɗa su shekara da shekaru, yanzu ko ni ba zan iya ware maka ƙwayar Kirista daga ta Musulmi ba. Kai kuma, tun da kake noma, ka taɓa ganin hadari ya tsaya a kan iyaka yana tambayar mai gona inda yake sujada?"

Na ce, "Baba, yara nake ji."

Ya ce, "Na sani. Allah ma ya sani, ya riga ka sanin sunayensu. Amma in na ba ka a ɓoye, iri za ka samu, ni kuwa sunan Almasihu zan zubar a garin nan. Sunan nan da ake kiranmu da shi aro ne, ba mu muka yi wahalarsa ba. Ka zo gobe ka bi layi."

Na tafi gida raina a ɓace. Ban iya gaya wa matata Saratu abin da na roƙa ba.

Washegari da safe ƙofar gidansa ta cika. Ya shimfiɗa tabarma, ya fasa bakin tulunan, ya sa Malam Tayyib ya zauna kusa da shi yana shaida. Ya fara da matan da mazansu suka rasu. Kowa ya matso, tambaya ɗaya yake yi masa: "Baki nawa ne a gidanka?" Sai ya auna.

Da layi ya zo kaina, Malam Tayyib ya ɗaga murya, "A'a, ga Sarkin Gaggawa! Wanda ya riga hadari zuwa gona!" Wuri ya kaure da dariya, har da waɗanda suka yi binne rana ɗaya da ni.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai na hango ka a taka gonar ranar."

Ya ce, "Ni duba ta na je yi, sungumin ne ya bi ni."

Tiya ɗaya da rabi na samu, daidai da kowane mai baki bakwai. Malam Irmiya ya zuba mini a buhu, ya dube ni ya yi murmushi, ko da ido bai nuna wa kowa mun yi wata magana jiya ba.

Muna ɗaure buhun sai Muhsina, wadda ke riƙe da marayu biyar, ta kama hannun Rifkatu ta ce, "'Yan mata, ke 'yar gidan wa ce?" Rifkatu ta faɗi sunanta. Muhsina ta ce, "Au, ku ne mutanen Malam Irmiya? Allah ya yi muku albarka. Ku ba a jin ku da cuta."

Ashe a garin nan da halin mutum ɗaya ake auna mu duka. Ni da nake damuwa kullum yadda 'ya'yana za su rayu su kaɗan a cikin jama'a, ashe wani ya yi shekara talatin da biyar yana share musu hanya, ni kuwa saura kaɗan in toshe ta saboda tiya uku. A hanya Rifkatu ta yi ta maimaita maganar tana dariya, ni kuwa ina ta roƙon gafara a zuci.

Baba Irmiya, kai ne ka koya mini cewa kirki ba ranar wahala ake fara shi ba. Zangarniya biyu bana, uku baɗi, ana dariya kana tarawa. Kai ne mai gwada iri kafin ka ba wani, domin kada talaka ya zuba guminsa a kan abin da ba zai tsiro ba. Ban taɓa jin ka hau mumbari ba, amma abin da na ji ana wa'azinsa tun ina yaro, cewa mu zama haske a inda Allah ya ajiye mu, a ƙofar gidanka na gan shi da idona. Ba ka ɓoye bangaskiyarka don a so ka ba, ba ka kuma mai da ita sandar dukan kowa ba.

Kowa ya je ya yi shuka. Bayan kwana takwas, sai ga Malam Tayyib a ƙofar gidana da hantsi, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Ya ce, "Baban Rifkatu, ka bi ta gonar tsohon nan kuwa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Ciyawa ce kawai. Mutumin nan ya auna wa kowa, ya kakkaɓe tulu, bai bar wa kansa ko cikin tafi ba. Ina zaune kusa da shi ban lura ba."

Muka same shi yana gyaran taya. Malam Tayyib ya ce, "Irmiya, me za ku ci kai da matarka?"

Ya ce, "Mu biyu ne, Tayyib. Baki biyu ba ya shiga layi gaban baki tara."

"To wa ya ce kada ka shiga ko a ƙarshe?"

"Na shiga. Da na iso, ya ƙare."

Malam Tayyib ya ce, "Wallahi ban taɓa ganin taurin kai irin naka ba." Ya juya yana share ido da bakin rawani.

A ranar ya sanar a masallaci bayan azahar, ni kuma na bi gidajenmu tara. Matsalar ita ce kowa ya riga ya shuka nasa. Amma ashe ba a rasa ragowa a gindin buhu. Wannan ya kawo cikin tafi, wancan rabin gwangwani. Muhsina ta zo da nata a ƙulle a bakin zane. Ni kuwa, saboda tsoron da bai sake ni ba, na riga na rage gwangwani biyu na ɓoye a cikin randa ko da shukar za ta sake lalacewa. Saratu ce ta ɗauko su ta dire a gabana, ta ce, "Ga ajiyarka, mai ita ya samu." Da aka haɗa duka, tiya ɗaya ta cika har da ɗan tozo.

Washegari muka yi masa gayya. Maza suna sara da sungumi, mata suna bi suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Matan majami'a suna waƙoƙinsu, matan unguwa suna musu guɗa. Jinjiri ya aiko da nono ƙwarya biyu. Malam Irmiya ya zo zai karɓi sungumi, Malam Tayyib ya ce, "Malamin Tsumma, koma inuwa. Yau kai ne ɗalibi."

Ya zauna, amma bai iya yin shiru ba. Daga inuwar yake ta kira, "Kun cika zurfi! Ƙwaya biyar ta isa rami!" Kafin azahar mun shuke fiye da rabin gonar.

An so a shirya masa bikin ajiye aiki, ya ƙi, ya ce a bari sai an ga kaka. Shi ya sa na rubuta wannan, tun yana da rai yana ji. Baba, mun gode. 'Ya'yana sun gode. Allah da ka bauta wa a gonakin mutane ya saka maka, ya ƙara maka lafiya, kai da Mama.

Ku kuma 'yan'uwana masu bi, musamman mu da muke zaune kaɗan-kaɗan a ƙauyuka, kada tsoro ya sa mu ƙanƙame hannu. Duk aikin da Allah ya ba ka, ko ɗinki ne ko faci ko koyarwa, maƙwabcinka a nan zai karanta ko kai na wane ne. Bana idan an yi girbi, kowa ya ware zangarniya uku ya kai ɗakin nan, kuma a samu masu zuwa su koyi aikin tulu da tsumma tun mai shi yana iya nunawa.

Yau shida ga Satumba. Geronmu ya fitar da kai, ya fara ƙwaya. Na Malam Irmiya yana bayan namu da kwana tara, yanzu yake ciki, bai fitar da kai ba tukuna, kuma yana bukatar ruwa har ƙarshen wata. Jiya an yi, mai kyau. Ko zai kai mu ƙarshen watan, ba mu sani ba tukuna.