Gyaɗar da Muke Ci a Gida

A gidanmu kashi biyu ake raba gyaɗa, haka na taso na gani. Idan an cire ta an shanya an ɓare, Inna za ta zauna a tsakar gida da faifai a cinya tana tsinta. Manyan, masu cika da jan ɓawo, su ne na buhu, Baba zai ɗaure su a bayan babur ya kai kasuwar Makoda. Ƙananan da suka motse, da waɗanda suka yi baƙi-baƙi, da waɗanda ƙwaro ya huda, a wata tsohuwar roba ake zuba su. Wannan ita ce tamu. Da ita ake miyar taushe, da ita ake kunu, ita ake soyawa a kai inji a niƙa, a matse mai a yi ƙuli-ƙuli. Wani lokaci ka tauna ɗaya ɗaci ya cika maka baki, ka tofar ka ɗauki wata.

Mu biyu ne muka rayu a wajen Inna, ni da Yaya, wanda ya ba ni shekara tara. Shi ya tsaya a gona tare da Baba, ni kuma karatu ya tafi da ni Kano. Shi ne ma ya tsaya min lokacin da dangi suka ce sakandare ta ishe ni. Malama yake kirana tun ban san me zan zama ba.

Fiziks na karanta. Da na koma digiri na biyu sai aka haɗa ni da wani malami injiniya, mutum mai ƙarancin magana, wanda yake ƙera wani akwatin gwaji. A ranar farko ya zaunar da mu ɗalibansa ya yi bayani. Ya ce akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan fari ya same su a ƙasa, ko aka adana su ba su gama bushewa ba. Funfunar tana barin guba a cikin ƙwayar, gubar da suya ba ta kashewa, dahuwa ba ta kashewa. Mutum zai yi ta ci shekara da shekaru bai ji komai ba, ita kuwa tana cin hantarsa, musamman idan da ma yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta. Sai ya haska hoton lalatacciyar gyaɗa a bango. Na daɗe ina kallon hoton. Kamar ya leƙa robar Inna ya ɗauko.

Akwatin bai fi ƙaramar kular abinci girma ba. An shafe cikinsa da baƙin fenti, an jera wasu ƙananan fitilu masu irin hasken da ido ba ya kamawa sosai. A sama akwai 'yar kafa da ake ɗora kyamarar waya. Idan an zuba gyaɗa a tire an rufe, waɗanda suka kamu sukan yi wani ƙyalli a hoton, tsakanin shuɗi da kore. Aikina shi ne gyara zaman fitilun da zaɓen gilashin da ake sa wa a gaban kyamarar. Wata malama daga ɓangaren likitanci ita ke niƙa ƙwayoyin ta gwada su da sinadarai, don a ga ko akwatin ya faɗi gaskiya. Wani lokaci yana faɗa, wani lokaci yana kuskure. A ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko sinadaran su ƙare a yi watanni ana jiran su iso daga waje. Duk da haka ina son aikin. Malam yakan ce burinsa kowace kasuwar hatsi ta samu irin akwatin, kuma ni na yarda da shi har zuciyata.

Sau ɗaya na yi wa Inna maganar, da na je hutun sallah. Ta yi dariya ta ce, "To ai da tuni mun ƙare. Kakarki da ita ta rayu, har ta ga jikokin jikoki." Ni ma na yi dariyar, na bar zancen. Har yau ina tuna cewa na bar shi.

A shekara ta biyu, ana gama noman farko, matar Yaya ta kira ni ta ce ba shi da lafiya. Ba ya cin abinci, idanunsa sun yi rawaya. A gida an ce shawara ce, an yi ta dafa masa saiwoyi. Na zo na gan shi. Mutumin da yake ɗaga buhu shi kaɗai ya dawo wuya kamar na yaro, cikinsa kuwa ya tasa riga. Na matsa aka ɗauki mota aka kai shi babban asibiti a Kano. Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likitan ya kira ni gefe ya ce ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, kuma gwaji ya nuna Yaya ya daɗe da ƙwayar cutar hanta bai sani ba.

Na ce, "Likita, gyaɗa fa? Muna cin lalatacciya a gida."

Ya dube ni ya ce, "Tana iya taimakawa. Amma ba wanda zai iya rantse miki cewa ita ce. Ku kai shi gida, ku kula da shi, ga maganin rage zafi."

Muka dawo da shi.

Da kaka ta yi aka ɓare gyaɗar bana, na roƙi Malam ya ara min akwatin na kwana biyu. Ban san me nake nema ba. Ina jin so nake a ce min ba ita ba ce. Na rungumo shi a cinya a cikin ƙaramar bas, daga bakin titi na hau babur zuwa ƙauyenmu.

Da hantsi na ajiye shi a kan tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Na fara da ta buhu. Hoton ya fito duhu, sai ƙwaya ɗaya ko biyu da suka ɗan yi haske. Sannan na ɗebo ta roba. Ko ƙara girman hoton ban yi ba. Tiren ya cika da ƙyalli, nan da can, ko'ina.

Inna tana tsaye a kaina da zani a kafaɗa. Ta ce, "Mene ne wannan mai walƙiyar?"

Da na yi shiru a lokacin da ya fi. Amma na shekara biyu ina koyon yadda ake bayanin wannan hoton, sai bakina ya yi aikinsa. Na faɗa mata funfuna, na faɗa mata guba, na faɗa mata hanta. Da na kai kan hanta sai na ga ta dafa bango ta zauna a ƙasa.

"Kina nufin abin da ke damun yayanki?"

"Ban ce haka ba, Inna. Likita ma ya ce ba a sani ba."

"Shi ne mai son ƙuli," ta ce. "Tun yana rarrafe. Idan zai tafi gona sai na cika masa aljihu."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta ɗauki robar ta kai bayan ɗaki ta rufe da faifai.

Baba ya dawo daga gona aka faɗa masa. Ya karɓi wayar ya kalli hoton, ya nisanta da idonsa ya sake kalla. Ya ce, "To yanzu injin naku yana cire gubar?"

"A'a, Baba. Nunawa kawai yake."

"Idan ya nuna sai a yi yaya?"

"Sai a zubar."

Ya miƙo min wayar. "Kin san kwano nawa ne a robar nan? Idan muka ci ta buhu, me za a kai kasuwa? Da me za a sayi taki?" Ba da faɗa ya yi maganar ba. Tambayata yake da gaske, yana jiran amsa, don a ganinsa wadda ta yi wannan karatun ba za ta rasa ta ba. Na kwashe gyaɗar na rufe akwatin.

Da la'asar Yaya ya aiko a kira ni, ya ce in zo da akwatin. Yana kwance a inuwar darbejiya a sashensu, an tokare masa baya da filo. Ya sa na buɗe, ya leƙa ciki, ya taɓa wayoyin da yatsa. Shi mutum ne mai son gyare-gyare, babur ɗin Baba ma shi ke kwance shi ya ɗaure.

"Ke kika haɗa wannan, Malama?"

"Fitilun da gilashin, ni ce."

Ya yi murmushi. "Ba a yi asara ba." Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Yana ganin cikin mutum?"

"Ba ya gani, Yaya."

"To." Ya rufe murfin a hankali. "Kada ki nuna wa Inna. Za ta ce ita ce."

Na ce, "Na riga na nuna mata."

Ya rufe ido. Bai yi min faɗa ba. Na zauna a gefensa har aka kira magariba, ina korar masa ƙuda.

Bai kai wata biyu ba bayan nan. Ranar wata Talata da safe Allah ya karɓi abinsa, ya bar mata da 'ya'ya uku. A kwanakin zaman makoki mata suna shigowa suna cewa Inna ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Tana amsawa da "Haka ne." Amma da kowa ya watse, na same ta a bayan ɗaki ta tona rami tana juye robar nan a ciki. Da ta gan ni ta ce, "Da kin faɗa min da ƙarfi tun wancan karon." Ba zargina take ba, ina jin da kanta take. Ni dai na ɗauki laifin.

Na koma Kano na ƙarasa aikin. An buga sakamakonmu a wata mujallar kimiyya ta ƙasar waje, da sunana a ciki. Abokan karatu suka yi ta taya ni murna. Bayan nan tallafin binciken ya ƙare, ba a sabunta ba. Wani mutum ya zo daga wani kamfani ya duba akwatin, ya yaba, ya ce zai dawo, bai dawo ba. Malam ya samu aiki a wata jami'a a waje ya tafi da iyalinsa. Akwatin yana cikin kabad a ɗakin gwaje-gwaje, rabon da a kunna shi tun tafiyarsa. Ni kuma na samu koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ina koyar da haske da madubi a kan allo, babu ko madubin.

Na kai matar Yaya da yaran an yi musu gwajin cutar hanta. Babbar 'yar tana da ita. An ce a riƙa kawo ta ana dubawa lokaci-lokaci. Sau biyu aka samu zuwa.

Shekara guda Inna ta riƙe. Duk wadda ta tsince sai ta binne, ko kaji ba ta ba wa. Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina, ya kuma dawo bayan an cire gyaɗa tana shanye a gona. Kusan rabi ta yi baƙi. Babu Yaya a gona, Baba ƙarfi ya ja baya, ga bakuna huɗu da suka dawo wuyansa. Da na zo gida na ga sabuwar roba a gindin turmi. Inna ta bi idona da kallo ta ce, "Ina tsince masu baƙin sosai." Na san ba duka ido ke gani ba, shi ya sa ma aka ƙera akwatin. Ban faɗa ba. Aka kawo tuwo da miyar taushe, yaran suka kewaye kwano, na wanke hannu na sa.

Bara Malam ya turo min saƙo. Ya ce a inda yake yanzu suna da na'urar da ke raba haske gida-gida, tana gano gubar ko da kaɗan ce, ta fi namu nesa ba kusa ba. Suna bukatar samfur daga yankinmu, irin wadda ta lalace sosai, ko zan iya nemo musu? Na ce ba sai na nema ba.

Na sayi kwano biyar na mai kyau a Kano, na zaɓa da hannuna, na kai wa Inna. Na ce ta ba ni ta robar, su ci wannan. Ta auna min, ta ƙulle a leda, ta yi ta sa min albarka. Na aika wa Malam ta hannun wani mai tafiya, ya rubuto cewa samfurin ya yi kyau ƙwarai, irinsa suke so.

Bayan sati biyu na kira matar Yaya muna gaisawa, na tambaye ta ko yara suna jin daɗin gyaɗar. Ta ce ai Baba ya kai ta Makoda tun ranar kasuwar da ta biyo baya. Ƙafarsa ce ta kumbura, aka sayo magani, sauran aka auno gero. Na ce to me ake sa wa a miya? Ta ce maƙwabta sun ba su tasu lalatacciyar da suka tsince, da yake bana ta yi yawa a kowane gida.

Na ce ta gaishe min da Inna, na kashe wayar, na ɗauki alli na shiga aji.