Madam Halima Ba Ta Taɓa Ɗauke Min Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Madam Halima ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina shan koko wayata ta yi ƙara, ƙawata Nana ce, kuka ya hana ta magana sai da ta maimaita sau biyu. Wai bayan sallar asuba Madam ta yanke jiki ta faɗi. Hawan jini. Kafin a kai ta likita rai ya yi halinsa.

Na ja jiki na hau kekena na nufi ƙofa. Ashe ruwan jiya bai janye ba, lungunmu ya zama tafki. Na murza da ƙarfin tsiya, tayar gaba ta nutse a laka. Da ƙyar Mama da maƙwabciyarmu suka jawo ni baya.

Mama ta ce, "Zauna, Zuwaira. Ai ke an ɗauke miki, kowa ya san lalurarki."

To, ga ni zaune.

Waɗanda ba su san ni ba sai a nan: shan inna ya kama ni tun ina rarrafe, ban taɓa taka ƙasa ba. Da wannan maganar na girma. Biki, an ɗauke miki. Suna, an ɗauke miki. Lakwal ma, wato makarantar boko, an ɗauke min. Wallahi da so ake faɗa, na sani. Amma ita ce ta kulle ni a tsakar gida har na wuce ashirin, ina jin garinmu Matameye ta bayan katanga.

Ran da na fara ganin Madam, leƙe kawai na je yi fuwaye, inda mata ke koyon ɗinki. Matakala uku ce a ƙofar, sai na tsaya daga ƙasa. Wata baiwar Allah ta fito, ta ajiye min sadaka a cinya ta yi gaba. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga wata gajeriyar mata da awo rataye a wuya. Ta ɗauki sadakar ta bi matar ta mayar mata, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Ke, me kika zo yi?"

Na ce kallo.

"Nan ba gidan kallo ba ne. Gobe ƙarfe takwas."

Na nuna mata matakalar, na nuna mata ƙafafuna, na ce da me zan taka keken ɗinki? Ta ce, "Wannan matsalata ce. Taki ita ce ƙarfe takwas."

Washegari na tarar da ƙyauren katako an jingina a kan matakalar. Daga baya na ji na ɗakin girkinta ne ta ciro, aka kawo a amalanke. Keken da ta ba ni kuma ta sa an cire matakin an ɗaura masa marfin hannu.

Sati na biyu rairayi ya riƙe ni a hanya, na iso ƙarfe tara. Kai! Matar nan ta wanke ni tas a gaban kowa. Ta ce rairayin bai zo yau ba, in riƙa fitowa da wuri. Ta duba ɗinkina ta ce wannan hanyar tururuwa ce, in warware. Ƴan aji suna ta sunkuyar da kai don tausayina, ni kuwa na koma gida ina dariya ni kaɗai. An yi min faɗa kamar kowa.

Ita ce ta lura ba na shan ruwa, ko da zafin bazara. Ta je ta dubi ƙofar ban ɗaki, ta dawo ta auna faɗin kekena da awonta. Kafin Juma'a magini ya fasa ya faɗaɗa.

"Mai keke biyu" take ce min. "Ina mai keke biyu? Mu da ko ɗaya ba mu da shi sai mu yi yaya?"

Abin da ya gagare ta shi ne gangaren siminti a ƙofar. Ta rubuta wa hukuma takarda ta gaji, kullum "za a duba". Shi ya sa har yau ƙyauren ne. Ita take fito da shi da safe, ita take mayar da shi magaza, ɗakin ajiya, da yamma don kar a faskara shi a hura wuta.

Ranar Alhamis muka rabu. Damina ta ci katakon, ina saukowa ya yi ƙara. Ta taka shi da ƙafa ta ja tsaki. Sai ta ce min akwai ƴan mata biyu masu lalura irin tawa, ɗaya daga ƙauyen Kurni ɗaya daga ƙauyen Yauri, ta sha fama da iyayensu har sun yarda su turo su bayan girbi.

"Ke za ki koya musu keken hannu."

Na ce, "Ni, Madam?"

"A'a, aljani. Da wa nake magana?"

Iyakar maganarmu ke nan.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Sauran malaman mutanen kirki ne, amma na san yadda abin yake. Rana ɗaya za a manta da ƙyauren, rana ta biyu a ce in yi haƙuri, ta uku ni da kaina zan daina zuwa. Yaran nan biyu kuwa ba za su ma fara ba. Ƴan fuwaye da ke karanta wannan, don Allah kar ku bari. Ba a ɗauke ni a hannu nake so ba, hanya nake so.

Yanzun nan aka wuce da ita. Babbar hanyar maƙabarta ta bayan gidanmu take. Na ji takun mutane cikin laka, da yawa, ba mai magana. Na kama katanga na yi ta yunƙurin ɗagowa ko na hangi makarar. Ban kai ba.

Ya Allah, ka jiƙan Halima. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwancinta, ka sauƙaƙa mata tambaya. Ka ba mijinta da ƴaƴanta haƙuri. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta.

Duk wanda ya karanta, ya karanta mata Ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ce. Wadda kuma ta samu isa gidan makokin, ta yi min gaisuwa. Ta ce musu Zuwaira ce, ta fito, hanya ce ta ƙi.