Ranar da na tsayar da jirgin fasinja saboda tauraro

Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin reluwe, na manta sunayen rabin waɗanda muka yi aiki tare, amma abin da ya same ni a ƙarshen daminar 1957 ba zai fita daga kaina ba har a sa ni a ƙasa. Ni ne mutumin da ya tsayar da jirgi cike da fasinja don kada ya yi karo da tauraro. In kun taɓa jin labarin a Kafanchan, to an ƙara masa gishiri. Ga yadda abin ya faru.

Lokacin wata shida ke nan da ɗaukata aiki. An ajiye ni a wata 'yar bukkar kwano a bakin layi, tsakanin Kafanchan da Kagoro, inda burtalin shanu ya ratsa dogo. Aikina in kori shanu, in duba layi, in ɗaga fitila: kore in hanya lafiya, ja in akwai haɗari. Aikin ya zo da ɗaki ɗaya a kwatas, kuma a ɗakin nan matata ke jegon ɗanmu na fari. In aka kore ni, ɗakin ya tafi, sai mu kwashi jariri mu koma ƙauye wurin babana, wanda ya riga ya shaida wa duk dangi cewa ɗansa ya gama da fartanya.

Layin guda ɗaya ne tak. Jirgin da ya taso daga Jos yakan gangaro ta gefen duwatsu, kuma daga bukkata abin da ake fara hangowa fitilarsa ce can sama, 'yar ƙarama, tana haske tana ɓuya a bayan itatuwa. Abu na farko da aka dasa mini a ka shi ne, in ka ga wuta tana tafiya a kan layi ba a lokacinta ba, kada ka tsaya tunani, ɗaga ja.

Ran nan rana ta faɗi ke nan, duhu bai gama rufewa ba, na ji jirgin fasinja ya yi busa ya baro Kafanchan zai haura. Na waiwaya wajen dutse don in tabbatar babu shanu, sai na ga wuta daidai kan tudun da layi ke ɓullowa. Tana haske tana dushewa, tana matsowa, ba busa, ba ƙara. Na ce shi ke nan, birkin wani jirgin kaya ya tsinke, ga shi zai gangaro kan mutane. Na murɗa fitila zuwa ja, na bi tsakiyar dogo da gudu ina kaɗa ta, takalmina ɗaya ya tsaya a baya.

Jirgin fasinjan ya ja birki har ƙafafunsa suna fitar da wuta. Na ji kwanduna suna zubowa a cikin taragai, kaji suna kuka, wata mata tana kiran sunan Yesu, wani yana salati. Direban, wani ƙaton Bayarabe da ya girme ni nesa, ya diro ya ce, "Yaro, mene ya faru? Ina haɗari yake?"

Na nuna masa dutse. Babu komai a kan dutsen. Na ɗaga kai, sai ga wutar ta bar tudu tuni, tana tafiya abinta a tsakiyar sama, saitin kanmu. Kafin in buɗe baki ta dushe.

"Oga, jirgi ne. Daga dutse ya taho."

"Ina shi?"

"Ya hau sama."

Ya nuna mini sandar izini, wadda in tana hannun direba babu wani jirgin da za a saki kan layin, sa'an nan ya sunkuyo ya shinshina bakina a gaban fasinjojin da suka leƙo ta taga. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da safe aka kira ni ofishin shugaban tasha. Dattijo ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya, kuma shi ya sa muke tsoronsa. Takardar sallamata tana kan teburinsa, saura sa hannu.

"Ka sha burkutu jiya?"

"Ranka ya daɗe, ni mai bin Yesu ne. Ina cikin mawaƙan majami'a."

"Mawaƙa ma suna da maƙogwaro. Kana da shaida?"

Shaida ɗaya gare ni, wani Bafulatani da ke ratsa burtalin da shanunsa kullum, muna gaisawa. Na je na roƙe shi ya zo. Ya jingina sandarsa a ƙofa, ya tsuguna, ya ce, "Gaskiya ne, na gan shi sau uku. Tauraro ne ya ware daga 'yan'uwansa. Haka saniya take yi in za ta haihu." Na so ƙasa ta tsage in shige. Shugaban tasha ya cire tabarau ya goge, ya ce tun da yanzu an tashi daga jirgi mai tashi an koma tauraro mai naƙuda, ya ba ni yamma uku in nuna masa abin ya gani da idonsa. In bai gani ba, in miƙa fitila da makullin ɗaki.

Ban san wanda ya kai maganar kasuwa ba. Yammar farko dandalin tasha ya cika, har masu ƙosai sun kafa kasko. Muka ɗaga kai har wuya ya ƙage, ba mu ga komai ba sai jemagu. Yamma ta biyu mutane suka ninka. Wani ya rantse ya ga abin, aka bi shi da gudu, ashe mai keke ne da fitila. Da na koma gida na tarar matata ta fara ɗaure tukwane a zane. Daren nan ban iya cin tuwo ba.

Yamma ta uku jama'a sun fara watsewa, shugaban tasha ya duba agogonsa ya miƙo hannu in ba shi fitilar. Na ba shi. Tana hannunsa ke nan sai ga wuta ta ɓullo ƙasa-ƙasa, wannan karon ta wajen layin kudu, tana haske tana dushewa, tana nufo tasha, inda jirgin kaya ke tsaye yana shan ruwa. Dattijon nan da ya kusa shekara sittin ya murɗa ja, ya dira kan dogo, ya ruga yana kaɗa fitila yana cewa a rufe hanya. Hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Ya yi nisa kafin wutar ta ɗaga, ta wuce ta saman tankin ruwa, ta bi ta kanmu a hankali. Mata suka hau buga kwanoni kamar yadda ake yi in wata ya yi husufi, masu ƙosai suka bar kasko.

Ya dawo yana haki, ya karɓi hularsa daga hannun wani, ya miƙo mini fitilata ba tare da ya dube ni ba. "Gobe ka fito aiki da wuri," in ji shi.

Bayan kwana biyu akawun tasha ya zo da jarida ya karanta mana cewa mutanen Rasha ne suka harba wani ƙarfe sama yana kewaya duniya, kuma don yana can nesa, rana tana haska shi bayan ta faɗi a wurinmu. Da na gaya wa Bafulatanin, ya ce ai ya faɗa, dama abin bai yi kama da mai lafiya ba.

Har na yi ritaya ana tsokanata da labarin, kuma na daina jin haushi tun da daɗewa. A shekarun da suka biyo baya na taɓa taya kwashe mutane daga tarago bayan haɗarin jirgi a wani wuri da mai fitila ya ga abu ya tsaya don ya tabbatar tukuna, bai ɗaga ja ba. Tun daga ranar duk sabon ma'aikacin da aka ba ni in koya wa aiki, nakan ba shi labarin tauraron nan da bakina, in bar shi ya yi dariya ya ƙoshi, sa'an nan in ce masa in ya ga abin da bai gane ba a kan layi, ya ɗaga ja. Dariyar mutane na ɗauke ta shekara talatin, ba ta hana ni barci ba ko sau ɗaya.