Wanda Ake Kashewa Kafin Magariba

A shekarun da na yi ina karatu a jami'a, ban san iyakar sau nawa na mutu ba. Na mutu da ciwon ciki, na mutu a hatsarin mota, an taɓa harbe ni a kan iyakar gona, akwai kuma wasan da aka buɗe shi da gawata a kan tabarma, ban ce uffan ba. Daraktan ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, wani dogon mutum mai gemun akuya da ba ya rabo da jakar fata, shi ya gano wannan dabara. Tunda kullum sai na sulale kafin rana ta faɗi, sai ya riƙa ba ni mutumin da zai mutu da wuri. Abokaina suka sa mini suna Marigayi, har masu sayar da shayi a bakin ƙofa da shi suke kirana.

Gidanmu a cikin birni yake, wajen Ƙofar Gayan, jami'a kuwa can Samaru. A ƙarshen shekarun tamanin, kafin ka sami mota, ka sauka Tudun Wada, ka sake wata ka shiga ta Ƙofar Doka, ka ci sauran da ƙafa ta lunguna, rana ta yi nisa. Don haka duk abin da aka fara bayan la'asar, rabinsa nake gani. Na ji farkon laccoci masu zafi a kan tsadar rayuwa da bashin ƙasa, amma da an ce za a karɓi tambayoyi, lokacin da ake tayar da jijiyar wuya, ni ina titi ina tsayar da bas. Na ga makaɗa suna ɗaure kalangu suna gwada murya, na bar su ba su kai ga yin zufa ba. Abin da ake farawa bayan isha'i kuwa, takardarsa kawai nake karantawa a jikin bishiya. Washegari a riƙa ba ni labari ana ƙyaƙyata dariya, ni ma in yi ta yaƙe, alhali haushi kamar ya kashe ni.

Kowa ya ɗauka tsananin gidan malamai ne. Na bar su a haka, domin gaskiyar ba tawa ba ce da zan faɗa.

Mahaifina malamin zaure ne, manyan mutane ke ɗaukar karatu a wurinsa tsakanin magariba da isha'i: maɗinka, 'yan kasuwa, ma'aikatan hukuma da suka tashi aiki. Dundumi ya kama shi. Da rana yana gani gwargwado, amma da zarar rana ta faɗi, ko an kunna fitila, inuwa kawai yake hange. Daga ni sai Inna muka sani. Yayana yana aiki a Legas, sauran duk mata ne, ba su zaman zaure. Ranar da ya gaya mini, bai nemi shawarata ba. Ya ce ranar da mutane suka gane, ranar za su fara tausaya masa, kuma wanda ake tausaya wa ba a kawo masa tambaya mai wuya, sai dai a kawo masa goro.

Aikina ba shi da yawa, amma ba ya ɗaguwa. In za mu masallaci ina gaba da taku ɗaya ina jan takalmi a ƙasa, shi yana bin ƙarar. Tsofaffin unguwa sun sha yi mini faɗa, wai boko ya koya mini jan ƙafa kamar ɗan giya. A zaure ina zama a damansa. Duk wanda ya yi sallama, sai in riga Malam gaishe shi da ƙarfi, in ambaci laƙabinsa da unguwarsu, in tambayi mutanen gida. Daga nan Malam ya ɗauka, ya juya fuska daidai, ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa kamar tun daga nesa ya hango shi. Karatun yana kansa, littafin da ke gabansa ni nake juya masa shafi. Alhamis da Juma'a ba a karatu, amma masallaci yana nan, kuma baƙi ma sun fi zuwa a ranakun.

Ina son mahaifina. Kuma akwai yammacin da ina tsaye a cikin bas, an matse ni da buhun wani, nakan ji na tsani zauren nan da buzunsa da warin kananzir ɗinsa. Sai in yi istigfari, gobe kuma in sake.

A shekarata ta ƙarshe muka shirya wani wasa a kan manomin da aka ƙwace wa fadama. Mu ba ma rubuta wasa, a baki muke gina shi, kowa ya kawo nasa a wajen gwaji, a wani dandalinmu na jar ƙasa mai buɗaɗɗen sama. Ni ne tsohon da zai mutu a fitowa ta farko. Wata rana wanda ke yin manomin bai zo ba, darakta ya ce in riƙe masa wurin. Da na gama sai darakta ya taso. Ya kira ni gefe ya ce ya gaji da binne ni, manomin nawa ne. Sau ɗaya za a nuna wasan, ranar Asabar, a fara bayan la'asar a gama bayan isha'i. Gwaji zai mayar da shi da rana saboda ni. Dare ɗaya kawai yake nema.

Na kwana uku ina juya maganar kafin na kai wa Malam. Na zaɓi hantsi, lokacin da yake ganin fuskata. Na shirya hujjoji, na shirya har da fushin da zan yi idan ya hana. Ya saurara, ya tambayi ko akwai batsa a ciki, na ce babu. Ya tambayi ko manomin yana samun fadamarsa, na ce ba mu kai nan ba tukuna.

“To je ka,” ya ce. “Dare ɗaya ne. Allah ya rufa asiri.”

Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Amma na karɓa, ba zan ɓoye ba, na fita ina jin ƙafafuna kamar ba sa taɓa ƙasa. Makon nan na ci gwaji kamar mayunwaci. Inna ce ta riƙa rage mini daɗin. Ta ce Malam ya shiga fita tsakar gida bayan kowa ya shige, yana lalube daga ɗaki zuwa zaure shi kaɗai, har ya fasa mata tulu ya ƙuje ƙauri. Ba ta ce kar in je ba. Ta dai faɗa mini tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Ana jibi wasa, na fito da safe zan tafi makaranta, sai na tarar da ɗaya daga cikin ɗaliban Malam yana jirana a bakin lungu. Wani Alhaji ne mai ɗinkin manyan riguna daga Ƙofar Galadima, ya girmi Malam ma, amma ya fi shekara ashirin yana durƙusa a gabansa. Na rusuna na gaishe shi. Ya ja ni jikin katanga, ya ce jikansa da ke jami'a ya ga sunana a takarda, an ce ranar Asabar sai bayan isha'i zan dawo. Na ce haka ne, kuma Malam ya yarda.

Ya murza carbi ya ce, “Ɗan Malam, kar ka yi mana haka.”

Na ce ban gane ba.

“Mun sani,” ya ce. “Duk wanda ke zama a zauren nan ya sani, tun bara waccan. Mun haɗu mun yi magana, muka ce ba mai nunawa. Kana tsammanin don me kowa ke tsayawa a bakin ƙofa sai ka gama gaishe shi? In kana nan, muna iya yi kamar ba mu sani ba. In ba ka nan ya kira ni da sunan wani, ko ya yi tuntuɓe a gabanmu, dole wani ya miƙa hannu. Daga ranar shi ma ya san mun sani.”

Abin da ya fara zuwa mini fushi ne. Shekara biyu ina tsere da rana, ina shan zagin 'yan kamasho, ina ɓoye abin da duk unguwa ta sani. Har tsofaffin da ke yi mini faɗan jan ƙafa, ashe da saninsu suke yi, don abin ya yi kama da gaske. Na ce masa to ai shi ke nan, tunda an sani, wani ya zauna a wurina dare ɗaya. Ya girgiza kai, ya ce duk wanda ya zauna a daman Malam ya fara riga shi gaisuwa, ya gaya masa an sani ke nan. Ni kaɗai ne zan yi a ce ladabin ɗa ne.

Na nemi hanya duk ranar ban samu ba. In na gaya wa Malam an sani, na yi masa abin da yake gudu da bakina. In na tafi, wasu za su yi masa. A da ina ganin sirrin mutum ɗaya nake riƙe, ina sa ran wata rana zai fashe in huta, yanzu ga na mutum goma sha wani abu an ɗora mini a kai.

Da na gaya wa darakta na fasa yin manomin, bai yi mini da sauƙi ba. Ya ce ni matsoraci ne, irinmu 'yan birni ganuwa a cikin kanmu take. Na ƙyale shi ya gama. Aka mayar wa mai wuri wurinsa, aka mayar da ni tsohona.

Ranar Asabar dandalin ya cika har kan katanga. Na yi tari, na yi wasiyya, na mutu, aka lulluɓe ni da farin zane. Ina kwance ina jin wancan yana faɗin maganganun da ni na ƙirƙiro a gwaji, mutane suna tafi. Aka ɗauke ni aka ajiye bayan dandali. Na kakkaɓe toka daga gashina, na sa takalmi, na bi ta ƙofar baya.

Ana kiran magariba na shiga gida. Na tarar da Malam tsaye a tsakiyar zaure shi kaɗai, ya sa babbar rigarsa, hannunsa ɗaya a miƙe yana neman bango. Na ja takalmina a ƙasa. Ya sauke hannun da sauri.

“Ka dawo da wuri.”

“An kashe ni da wuri, Malam.”

Bai yi dariya ba, bai kuma tambaye ni komai ba. Da muka fita ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi a waje ba, sannan ya janye hannun kafin mu kai bakin lungu.

Bayan salla muka zauna, na buɗe masa littafi. Alhaji mai ɗinki ne ya fara yin sallama. Ya tsaya a bakin ƙofa, takalmansa a hannu, idonsa a ƙasa, yana jirana. Na ɗaga murya na gaishe shi, na tambayi mutanen Ƙofar Galadima.